Tsakanin Abuja Da Gidan Gwamna: Ina Iyakar Ikon Kowa Take?

Wannan shi ne jawabin da Malam ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatunsu na bayan la'asar, a kan yadda kundin tsarin mulkin Nijeriya ya raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da gwamnatocin jihohi. An rubuto shi daga muryar da aka naɗa, an kuma taƙaita wasu wurare saboda ƙarancin fili. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon Allah da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara da cewa ya san akwai waɗanda za su ce mene ne haɗin zaman karatun addini da kundin da soja suka bar mana. Ya ce amsar ita ce, da wannan kundin ake kama mutum, da shi ake sakinsa, da shi ake ba gwamna kuɗi, da shi kuma ake dakatar da shi. Karanta abu ba yarda da shi ba ne, domin magabatanmu sai sun karanta littafin wanda suke jayayya da shi kafin su yi masa raddi.

Ya ce abin da ya sa ya zaɓi wannan batu shi ne wata yaudara mai fuska biyu da aka daɗe ana yi wa matasa. "Lokacin neman ƙuri'a, ɗan takarar gwamna zai yi maku alkawarin abin da ba ya hannunsa. In ya hau kujera kuma, sai ya ɗora wa Abuja laifin abin da yake hannunsa. A karon farko ku ake tarawa a fili ku yi kabbara, a karo na biyu ku ake ba haƙuri."

Daga nan Malam ya shiga bayanin kundin kansa. Ya ce ya fara aiki ne ranar 29 ga Mayu 1999, kuma gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi da dokar soja ta 24 ta wannan shekarar, ba tare da an kira jama'a sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi ba. A can ƙarshensa akwai jeri biyu. Na farko shi ne na abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka, guda 68 a lokacin da aka rubuta shi, cikinsu akwai soja, 'yan sanda, makamai, kuɗin ƙasa, bankuna, kwastan, ma'adinai, hulɗa da ƙasashen waje, har da dokar ba da shaida a kotu. Na biyu na haɗaka ne, Abuja ta yi doka jiha ma ta yi, kamar jami'o'i da lantarki da bunƙasa noma. Sai dai sashe na 4 ya ce in dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce a sama, ta jihar ta faɗi gwargwadon inda suka saɓa. Abin da ba a ambata a jerin biyun ba, shi ne rabon jiha ita kaɗai.

Ya ci gaba da cewa ba haka aka faro ba. Daga 1954 zuwa 1966 Jihar Arewa tana da ƙarfinta, bayan samun 'yanci ma tana da kundin tsarin mulkinta daban, da wakilinta a Landan, kuma kowace En'e tana da 'yan dokanta da gidan yarinta. Kundin 1963 ya mayar wa kowane yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa. Ranar 24 ga Mayu 1966 Janar Ironsi ya fitar da doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya gaba ɗaya, abin da ya biyo baya kuwa tarzoma ce a garuruwan Arewa da aka zubar da jinin mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Gowon ya soke dokar a wannan shekarar, amma Malam ya ce abin da Ironsi ya so yi a rana ɗaya shi ne sojojin da suka biyo baya suka yi sannu a hankali. Aka yanka jihohi 12 a 1967, suka zama 19 a 1976, har suka kai 36 a 1996, kowace ta fi ta da ƙanƙanta, kowace ta fi ta da dogara da abin da za a aiko mata ƙarshen wata. Soja bai san gwamna mai cin gashin kansa ba, ya san na ƙasa da shi ne mai sara masa.

A kan batun Shari'a ne Malam ya fi daɗewa, domin a cewarsa a nan ne aka fi yi wa matasa rufa-ido. Ya tuna cewa a 1978, a Majalisar Tsara Mulki, an nemi a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta tarayya, aka ƙi, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren. Abin da aka ƙare da shi shi ne a sa alƙalai uku masu sanin shari'ar Musulunci ta zamantakewar iyali cikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. A 1988 maganar ta sake tasowa, gwamnatin Babangida ta hana a ci gaba da tattauna ta. Sai ga shi ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dokar laifuffukanta ta fara aiki a Janairun 2000, daga baya jihohin suka kai 12.

Malam ya tambayi 'yan uwa: ta wace ƙofa aka shiga? Ya ce ƙofar ita ce, dokar laifuffuka irin su sata da kisa da zina ba ta cikin jerin Abuja, don haka rabon jiha ce, kuma sashe na 6 ya ba Majalisar jiha damar kafa kotuna. To amma ku dubi katangar da ta zagaye ƙofar. Sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum sai a kan laifin da aka rubuta cikin doka, aka kuma faɗi hukuncinsa. Ma'ana, alƙali ba zai buɗe Risala ko Mukhtasar ya yanke wa mai laifi hukunci kai tsaye ba, sai da abin da 'yan Majalisar jiha suka zartar, gwamna ya sa hannu. Wanda zai kamo mai laifin ɗan sandan tarayya ne. Gidan yarin da aka riƙa kai shi na tarayya ne. In ya ɗaukaka ƙara, hanyarsa tana bi ta kotun tarayya ta ƙare a Kotun Ƙoli. Ita kanta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, sashe na 277 ya lissafa mata huruminta: aure, saki, riƙon yara, wakafi, kyauta, wasiyya da gado. Rikicin gona da ba na gado ba ma manyan kotuna sun sha cewa ba nata ba ne. A saman duk wannan kuma ga sashe na 1 da ya ce duk dokar da ta saɓa wa kundin ta faɗi, ga sashe na 10 da ya hana tarayya da jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati.

"Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne," in ji Malam. "Gwamnonin sun sani, lauyoyinsu sun sani. Da wannan kundin suka yi rantsuwa. Wanda bai sani ba shi ne yaron da ya hau bayan akori-kura ya tafi Gusau yana tsammanin daga gobe ƙasa ta canza."

Ya ƙara da cewa ita ma gwamnatin tarayya ta wancan lokacin ba ta kai jihohin ƙara Kotun Ƙoli ba. Iyakar abin da aka gani, a Maris 2002 ministan shari'a Kanu Agabi ya rubuta wa gwamnonin takarda yana cewa hukunce-hukuncen sun saɓa wa kundin. A ganin Malam, ɓangarorin biyu kowa ya ji tsoron abin da kotu za ta ce, sai aka bar maganar a rataye, kowa yana cin moriyarta a siyasa. A tsakanin haka kuma an yi asarar rayuka masu yawa a rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, kuma ba 'ya'yan masu rantsuwa da kundin ba ne suka mutu.

Amma Malam ya ja kunnen 'yan uwa kada su ɗauka duk gazawar daga katangar kundin take. A Maris 2000 an yanke hannun wani mutum a Zamfara saboda satar saniya. Ya ce wa ya ji an tsayar da babban jami'in da ya kwashe kuɗin asibiti ko na albashin malamai a gaban waɗannan kotuna? Babu sashen kundin da ya hana. Babu sashen da ya hana a tattara zakka da gaskiya a raba ta da gaskiya, ko a biya alƙali albashin da zai kare masa mutunci, ko a duba ma'auni a kasuwa. Waɗannan duka wuƙa da nama suna hannun gwamna.

Sai ya kawo misalin Hisba ta Kano, wadda aka yi wa doka a 2003. A Fabrairun 2006 gwamnatin tarayya ta ce ta haramta ta, aka kama shugabanninta, hujjar kuwa sashe na 214 ne, wanda ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar, ba a kafa wata. Gwamnatin Kano ta garzaya Kotun Ƙoli, a 2007 kotun ta kori ƙarar bisa cewa ba hurumin da za a fara kawo mata ba ne. Hisba ta ci gaba da aiki, amma ba ta zama 'yan sanda ba. Ya ce haka aka yi da Amotekun ta jihohin Yarbawa a Janairun 2020, ministan shari'a ya ce haramtacciya ce, sai da jihohin suka koma suka yi mata doka a majalisunsu. Ana kiran gwamna babban jami'in tsaron jiharsa, alhali sashe na 215 ya ce in ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, kwamishinan yana iya cewa sai an tambayi Shugaban Ƙasa tukuna. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kansu daga ɓarayin daji, alhali ba ita ke ba da lasisin ba. Zinaren da ake haƙa a Anka da Bukkuyum ma, sashe na 44 ya ce mallakar tarayya ne, amma da dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, a ƙauyukan jihar aka yi makoki.

Malam ya ce kada wani ya ji wannan ya ɗauka kowane iko aka miƙa wa jiha alheri ne. Ya ce su tambayi kakanninsu abin da 'yan dokan En'e suka yi wa 'yan NEPU a shekarun 1950, yadda aka riƙa kama mutum saboda ya halarci taro, a kai shi gaban alƙali, a ɗaure. Ikon gida ne wannan, ba na Legas ba. Ya ce ko Amurka da aka kwaikwayo tsarin shugaba mai cikakken iko daga wajenta a 1979, tun 1791 ta rubuta a kundinta cewa duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a, kuma kowace jiha tana da 'yan sandanta da dokar laifuffukanta. Amma da sunan haƙƙin jiha ne masu bayi suka kāre bauta har aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, da sunansa kuma aka kāre wariyar launin fata. A 1957 wani gwamna a kudancin ƙasar ya sa dakarun jiharsa su tare ƙofar makaranta don hana yara baƙar fata tara shiga, sai da shugaban ƙasa ya aiko da soja. Azzalumi, in ji Malam, yakan zo daga nesa, yakan kuma fito daga cikin unguwa.

Ya ɗan yi ratse ya ce matsalar tsakiya da gefe ba Turawa suka kawo ta ba. Shehu Usmanu ya ba da tutoci, kowane sarki yana da alƙalansa da baitulmalinsa, amma naɗi da manyan ƙararraki suna komawa Sakkwato ko Gwandu. A 1893 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur sarautar Kano, 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, aka yi Basasa har zuwa 1895. Ko a ƙarƙashin tutar Musulunci ke nan, in tsakiya ba ta ji koken gefe ba, jini ne ke zuba.

Daga nan ya koma kan kuɗi. Ya ce bisa tsarin rabon da aka kafa a 2004, daga asusun tarayya Abuja tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Gwamnoni suna kuka da wannan, kuma kukan nasu yana da tushe. Sai dai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. A 2004, da Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin Legas saboda jihar ta ƙirƙiro sababbi, Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan iko. Shekara 20 bayan haka, ranar 11 ga Yuli 2024, kotun nan dai ita ce ta ce su ma gwamnoni ba su da ikon riƙe kuɗin ƙananan hukumomi, ba su kuma da ikon rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. Abin da suke zargin Abuja da yi masu, shi suke yi wa na ƙasa da su.

Malam ya ce makarantar firamare da ɗakin shan magani na unguwa da ruwan famfo da fili, waɗannan ba sai an je Abuja ba. Dokar filaye ta 1978 a hannun gwamna ta damƙa ƙasar jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don makarantun matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin jihohi sun bar kuɗin a ajiye don ba su kawo nasu ba, yara suna zaune a ƙasa. A Maris 2023 kuma an gyara kundin, an ba jihohi damar shiga harkar gidajen yari da jirgin ƙasa, an kuma faɗaɗa masu dama a lantarki. Don haka uzurin da ake kawowa a kan waɗannan ya ragu.

Ya ce gwamnoni sun san hanyar kotu sarai in abu ya taɓa su. A Fabrairun 2023, ana gab da zaɓe, da aka canza takardun naira jama'a suka shiga ƙunci, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai gwamnatin tarayya ƙara, kuma ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1000 har ƙarshen shekarar. Ya ce hukuncin ya yi wa talaka amfani, babu musu. Abin tambaya shi ne, ina wannan hanzarin yake shiga in maganar jinin talaka ce?

A nan ya kawo wani abin lura. A 2003, a shari'ar da ta taso daga hukumar bincike ta Mai Shari'a Oputa, Kotun Ƙoli ta ce kundin 1999 bai ba tarayya ikon yin dokar hukumar bincike da za ta game ƙasa duka ba, wannan rabon jihohi ne. To ga jiha da ikon bincike, ga tarayya da soja. Bayan abin da ya faru a Zariya a Disambar 2015, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa ta faɗa a rahotonta na 2016 cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya, ta kuma ba da shawarar a gurfanar da sojojin da suke da hannu. Malam ya ce kisan kai laifi ne a dokar jiha, kuma babban lauyan jiha yana da ikon shigar da ƙara a kansa. Waɗanda jihar ta gurfanar su ne waɗanda aka kashe wa 'yan uwa.

Da aka zo lokacin tambayoyi, wani ɗan uwa ya ce, "Allah gafarta Malam, to mu goyi bayan 'yan sandan jiha ko kada mu goya?" Malam ya ce a Fabrairun 2024 Shugaban Ƙasa da gwamnoni sun amince a duba maganar, kuma hujjar masu so a fili take, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ya ce kafin mutum ya ce e ko a'a, ya tambaya: wa zai naɗa shugabansu, wa zai cire shi, da wane kuɗi za a biya su a jihar da ake bin malaman makaranta bashin albashi, kuma wace kotu talaka zai je in sun zalunce shi? Ya ce ya dubi yadda zaɓen ƙananan hukumomi yake kasancewa a hannun hukumomin zaɓe na jihohi, inda sau da yawa jam'iyyar gwamna take cinye kujeru kaf, sannan ya ƙiyasta.

Wani kuma ya tambaya ko Shugaban Ƙasa yana da ikon cire gwamna. Malam ya ce sashe na 305 ya ba shi ikon kafa dokar ta-ɓaci da amincewar kashi biyu bisa uku na kowace Majalisar Tarayya, amma kalmomin sashen ba su ambaci dakatar da gwamna ba, shi ya sa lauyoyi suka daɗe suna jayayya a kai. A aikace, Obasanjo ya dakatar da gwamnan Filato Joshua Dariye a Mayun 2004 ya naɗa kantoma, ya kuma kafa dokar a Ekiti a 2006. Jonathan ya kafa ta a Barno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, ya bar gwamnonin a kujerunsu. Tinubu ya kafa ta a Ribas ranar 18 ga Maris 2025, ya dakatar da gwamna da mataimakiyarsa da 'yan Majalisar jihar na wata 6, suka dawo a Satumba. Ya ce sashen ɗaya ne a duk lokutan huɗu.

Daga nan aka yi addu'a, aka tashi don sallar magariba.